Ƙarfe a Dunduniyar Gen-san

Kuramochi Genzo ya yi shekara talatin da ɗaya yana gandiroba, ashirin da biyu daga ciki a bene na uku, inda ake ajiye waɗanda kotu ta gama da su, sai jiran igiya. Mu abokan aikinsa Gen-san muke ce masa, "san" ɗin na girmamawa ne. Fursunoni kuwa Baba suke kiransa, kamar yadda suke kiran duk gandiroban da ya tsufa a kansu. Gajere ne mai kaurin wuya, ɗan masunta daga can arewa. Ba son shari'a ne ya kawo shi aikin ba. Ya iya kokawar judo, aikin kuma yana ba da ɗaki biyu a bayan katanga, shi ke nan dalilin. A kokawar ya ji rauni a gwiwar hagu, yana ɗan jan ƙafar, saboda haka dunduniyar takalminsa ta hagu takan cinye tun ta dama tana sabuwa.

Na yi shekara tara a ƙarƙashinsa a benen. Ɗaki goma sha huɗu ne a jere, kowane mutum shi kaɗai, ba ya ganin na kusa da shi, ba ya magana da shi. Ba a gaya wa kowa ranarsa. Da safe ake zuwa, tsakanin takwas da tara da rabi, a buɗe ƙofa a ce ya fito. Ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kowace safiya mutum goma sha huɗu suna zaune a kan tabarma, ba abin da ke aiki a jikinsu sai kunne. Ba mai tari, ba mai buɗe famfo. Na ga wanda ya shekara ashirin yana wannan zaman bai saba ba.

Ƙarfen kuwa ba da niyya ya zo ba. Wani mai gyaran takalmi ne a ƙarƙashin gadar jirgi ya gaji da canza masa dunduniya, ya buga masa ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata a ta hagu. Washegari Gen-san ya shiga baranda, ƙafar dama shiru, ta hagu ƙwas, har ƙarshen layi. Kunya ta kama shi, don ƙa'ida ita ce a yi tafiya ba a ji ka ba. Ya yi niyyar cire shi ranar hutunsa. Kwana uku bayan haka, yana miƙa abinci, wani fursuna da ya riga mu gidan gaskiya yanzu ya ce masa ta 'yar taga:

"Baba, kar ka cire abin nan. In na ji shi, na san kai kaɗai ne. Sai in iya haɗiye miyau."

 Bai cire ba. Takalmi bakwai ya kashe a benen, duk sabon da aka ba shi sai ya bi ta ƙarƙashin gadar kafin ya sa.

Daga nan ya yi wa kansa dokoki da babu su a littafi. Ƙarfe takwas da minti goma yake fara zagaye, ba ya makara. Ba ya tsayawa a ƙofar kowa kafin tara da rabi, ko da kiransa ake, sai dai ya amsa yana tafiya: "Ina dawowa." Hutunsa na shekara yakan ƙare bai ci rabi ba. Sau shida aka zo ɗaukar mutum a zamaninsa, duk shidan ya tsaya a bakin baranda da takalmin roba irin na kowa, ƙarfen bai yi ƙara ba ko sau ɗaya. Don haka mutanen benen sun san abu ɗaya tabbas a duniya: in ƙarfe ya wuce, yau za su ga rana ta faɗi.

Ɗaki na tara Orihara ne, tsoho mai sanƙo, tsohon direban babbar mota. Ba waliyyi ba ne. Mutum biyu ya kashe, mata da miji, ya cinna wa gidansu wuta, 'yarsu ta tsira da tabo a fuska, har yanzu tana raye. Na karanta takardunsa, na yi kwana biyu ina ba shi abinci ban dube shi ba. Amma shekara tara kana miƙa wa mutum shinkafa, dole ka san yadda yake tari. Yana da wata al'ada. Shayin safe yakan zuba a kofi ya ajiye a gabansa, ba ya kurɓa sai ƙarfe ya wuce ƙofarsa. Bayan tara da rabi bakinsa yake buɗewa.

"Baba, yau dokinka ya yi nawa. Ko kofaton ne ya saki?"

"Gwiwa ce. Ruwa za a yi."

"Ka ji, har da duba. Tsuruta-san," ni ke nan, "ka lura da tsohon nan, shekara goma sha bakwai yana shayar da ni shayi mai sanyi. Ranar da na ga minista sai na kai ƙara."

"Miƙo kwano, Orihara, surutu ya isa."

"Kwano kuma? Kifin jiya ma ai shi ya kamata a rataye."

Gen-san ba ya dariya a baranda. Amma na sha ganin kafaɗarsa tana motsi in ya juya baya.

A gida ma haka yake. Matarsa Fusae-san ita ce mai magana, shi yana zaune yana goge takalmi a bakin ƙofa. Ba su haihu ba. Bai taɓa gaya mata abin da ake yi a ƙasan ginin ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma duk ranar da ya dawo da rana tsaka, tana tsaye da ƙoƙon gishiri, ta watsa masa a kafaɗa kafin ya taka cikin gida, kamar yadda ake yi wa wanda ya fito daga wurin gawa. Ita take ɗinke masa safa, don babban yatsansa yana huda kowace irin safa cikin mako biyu. Ciwon ciki ya kwantar da ita a farkon kaka, bai kai wata biyu ba ya tafi da ita.

Kwana bakwai aka ba shi. A kwana bakwan nan ni na riƙe benen da takalmin roba, kuma na ga abin da ban taɓa gani ba. Kwanuka suna dawowa cike. Mutumin ɗaki na huɗu ya yi ta buga goshi a bango sai da aka kira likita. Orihara ya zubar da shayi biyar a masai. Ina wucewa ina cewa, "Ba komai, hutu ya ɗauka," ba wanda ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba, don da akwai komai ma abin da zan ce ke nan. Ranar da ya dawo, ƙarfe ya bi layi ya komo, sai ka ji famfo goma sha huɗu sun buɗe kusan tare. Orihara ya shinshina ta taga da hantsi ya ce, "Baba, kayanka suna ƙanshin turaren makoki." Gen-san ya ce, "Matata ce." Orihara ya sa goshi a tabarma, ya daɗe bai ɗago ba.

Wannan makon ne ya sa sabon shugaban sashenmu ya gane zancen takalmin. Sunansa Sakaki, ya zo daga ofis, mai tabarau, mai karanta rahoto har ƙarshe. Ya ga abinci ya ragu kwana bakwai ya koma daidai rana ɗaya, ya yi tambaya, aka gaya masa. Ba mugu ba ne. Ɗauka ta ƙarshe kafin zuwansa ba ta yi kyau ba: mutumin ya ji sawu tun daga nesa, ya tsaya bayan ƙofa da murfin tukunyar shayi, ya karya wa wani gandiroba muƙamuƙi, aka ja shi a ƙasa yana kururuwa har lif, na'urar da ake sauka ƙasan ginin da ita. Sakaki ya karanta wannan rahoton ma.

Wata Alhamis, kwana talatin da ɗaya da rasuwar Fusae-san, na shigo ƙarfe bakwai, mai gadin ƙofa bai kalle ni ba, ya ce ana nemana a ofis.  Mu bakwai ne har da ni, kowa ido a ƙasa. Takarda ta zo daga sama da hatimi. Orihara ne. Ni da wasu biyu aka ba ɗakin maɓalli, wato mu za mu danna abin da zai saki mutumin a igiya. Na ce, "Na ji," don abin da ake cewa ke nan.

Sai ga Gen-san an shigo da shi. Muka dubi juna. Ba a sa mai zaman makoki a wannan aikin sai ya cika kwana arba'in da tara, kamar yadda ba a sa wanda matarsa ke da ciki. Kowa ya san haka.

Sakaki ya cire tabarau. "Kuramochi-san, na san halin da kake ciki. Ba za ka sauka ƙasa ba, ba za ka ga igiya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Takwas da minti goma ka fara zagayenka kamar kullum. Mu muna bayanka da takalmin roba, a hankali. In ka kai ƙofa ta tara, ka tsaya ka buɗe. Aikinka ya ƙare."

"Da takalmina, Yallaɓai?"

"Da takalminka."

"To ba ni ake so ba ke nan. Takalmin ake so."

"Kira shi yadda ka ga dama. Mutumin nan zai ji ka, hankalinsa ya kwanta, ya kai kofi baki. Kafin tsoro ya kama shi mun riƙe shi. Ba wanda zai ji rauni, shi ma ba za a ja shi a ƙasa ba. Gaya mini, wa aka cuta?"

Na jira in ji ya ce, mutum sha ukun da za su rage, waɗanda ba za su ƙara yarda da ƙarfen ba. Ni a bakina maganar take. Gen-san ya dubi bango, ya dubi agogo, ya rusuna.

"Na ji, Yallaɓai."

Raina ya ɓaci da shi, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuci, shekara ashirin da biyu, ashe kalma uku ce kuɗinta.

Sa'a guda muka yi a ɗakin jira. Ba mai zama. Wani ya yi ta ɗaure igiyar takalmi yana kwancewa, wani ya shiga bayi sau huɗu. Ni na zuba shayi na manta da shi, da na tuna wanda yake yin haka sai na ture kofin. Gen-san yana tsaye a taga yana kallon filin motsa jiki, hannu a baya, babban yatsa yana murza ɗan'uwansa.

Takwas da minti takwas muka hau. A bakin baranda akwai ƙofar ƙarfe, daga ita sai layin ɗakuna. Sakaki ya buɗe ta a hankali ya yi masa alama da kai. Gen-san ya taka har dokin ƙofar, ya tsaya. Ya sunkuya da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya cire takalmin dama, ya cire na hagu. Ya haɗa su gefe da gefe, ya juya hancinsu waje, kamar yadda mutum yake yi in zai shiga gidan wanda yake ganin girmansa. Sannan ya miƙe da safa.

Fuskar Sakaki ta yi ja har kunne. Ya matso ya yi raɗa, "Kuramochi! Mayar!" Ba zai iya ɗaga murya ba, duk benen zai ji. Ba zai iya jira ba, limamin addinin Buddha da likita da mai gabatar da ƙara suna ƙasa suna duba agogo. Gen-san ya ƙara rusuna masa, ya ɗauki makulli, ya shige gaba.

Daga ƙofar zuwa ɗaki na tara taku hamsin da wani abu ne. Ban taɓa jin tsawonsu ba sai ranar. Takalmin roba bakwai, duk yadda aka yi a hankali, yana da irin nasa sautin, kamar ana jan buhu. Ba ƙarfe. Muna wuce ɗaki na ɗaya na ji numfashin mutumin ya tsaya. Na huɗu ya fara amai. Wani can gaba yana kiran sunan Buddha da sauri da sauri, harshe yana sarƙewa. Kowace ƙofa muka wuce sai ka ji wani abu ya faɗi a ciki, jiki ne yake sakewa. Orihara kuwa yana ƙirga ƙofofin nan tare da mu, ya ji takwas sun tsira.

Gen-san ya buɗe. Orihara yana zaune, kofi cike a gabansa. Wandonsa ya jiƙe. Bai dubi fuskar kowa ba. Ƙasa ya duba, ya ga ƙafar Gen-san, babban yatsa ya leƙo ta safa.

"Baba," muryarsa kamar ta yaro, "safarka ta huje."

"Ba mai ɗinkewa yanzu."

"Af. Haka ne. Yi haƙuri."

"Tashi, Orihara. Lokaci ya yi."

Ya yi ƙoƙari. Ya miƙe da kansa, ya taka biyu. Da ya kai bakin ƙofa sai hannunsa ya kama ƙarfen gefe ya ƙi saki, yana cewa, "Na saki, na rantse na saki," hannun bai ji ba. Mu uku muka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a nan babban yatsana ya goce, har yau ba ya lanƙwashewa sosai. Ba tafiya ya yi zuwa lif ba, ɗaukarsa aka yi. Duk wanda ya ce maka abin ya yi kyau, ba ya wurin.

Sauran ba dogon labari. An kai shi gaban liman, aka kunna turare, aka ba shi alewar wake bai ci ba. Mu uku muka shiga ƙaramin ɗaki, maɓalli uku a bango, ɗaya ne kaɗai yake buɗe ƙasan da mutumin yake tsaye a kai, ba wanda ya san wanne. An yi haka ne don kowa ya ce ƙila ba nasa ba ne. Ni dai ban taɓa haɗuwa da wanda dabarar ta yi wa amfani ba. Fitila ta kama, muka danna. Ƙarar tana nan a kunnena. Kafin azahar aka sallame mu, na yi ta yawo a bakin kogi har ƙafata ta gaji, na sayi gishiri a kanti na watsa wa kaina a ƙofar gida.

Washegari Juma'a na hau benen ban san abin da zan tarar ba. Shiru ne irin wanda ban taɓa ji ba, ɗaki na tara a buɗe, an naɗe tabarma. Takwas da minti goma Gen-san ya shigo da takalminsa. Ƙwas. Ƙwas. Ya wuce na ɗaya, ya wuce na huɗu, ya wuce ƙofar da ke buɗe bai juya kai ba, ya kai ƙarshe ya komo. Na tsaya na kasa kunne kamar ni ake zuwa ɗauka. Shiru. Sai famfo ɗaya ya buɗe. Sai wani ya yi tari, irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Sai cokali ya taɓa kwano. Kafin minti biyar benen ya cika da ƙarar mutane masu rai. Da rana kwanuka goma sha uku suka dawo wayam.

Ba a kore shi ba. Ba a ma yi masa faɗa a gabanmu ba. Da watan huɗu ya zo, lokacin sauye-sauye, sunansa ya fito a ɗakin binciken kaya, inda ake buɗe ƙunshin da dangi suka aiko ana lalube aljihun riga. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Ya karanta allon, ya ce, "To," ya je ya kwashe kofinsa. Ranar ƙarshe bai yi wa kowa jawabi ba. Da na buɗe akwatin kayana da yamma na ga 'yar takarda a naɗe, ɗan ƙarfe ɗaya a ciki da ƙusa uku. Ba rubutu.

Mako uku na bar shi a wurin. Na ga abin da ƙarfen ya jawo wa mai shi, ni kuma ina da 'ya'ya biyu a makaranta. A mako ukun nan kwanuka suka koma dawowa cike, na huɗu ya koma buga goshi a bango. Wata Lahadi na zauna a bakin ƙofar gida na buga shi da kaina, a karkace ma, na daki yatsa. Litinin na bi layi da shi. Kwana goma suka yi kafin su yarda, don tafiyata ba irin tasa ba ce. Rana ta goma sha ɗaya famfo ya buɗe.

Yanzu Gen-san yana ƙauyensu, yana taya ƙaninsa shanya kifi, takalmin ruwa ne a ƙafarsa. Na je sau ɗaya. Muna zaune a bakin teku, iska tana yanka kunne, na yi masa tambayar da ta hana ni sakat, ko Sakaki ne ya yi gaskiya game da Orihara.

"Ya yi gaskiya," in ji shi. "Taku hamsin da uku mutumin nan ya yi a wuta, ni na saka shi. Na ƙirga."

"To me ya sa?"

Ya juya kifi a kan gawayi, ya tura mini wanda ya fi girma. "Ci kafin ya huce. Ƙusar ta ciki takan saki da damina, ka riƙa dubawa."

Shekara huɗu ke nan ƙarfen yana ƙafata. Sakaki ya tafi, wani ya zo, shi ma mai karanta rahoto ne. Ba a kira ni ofis ƙarfe bakwai ba tukuna. Duk safiya ina duban fuskar mai gadin ƙofa kafin in gaishe shi, in ya kalle ni sai in saki numfashi, kamar mutanen da nake tsaro. Ban yi wa kowa alkawari ba, ban kuma san abin da bakina zai faɗa ranar ba. Amma kafin in fita daga gida ina ɗaga ƙafa in duba safata, in ta huje sai in canza.